Tururuwar da ta sauya wa zaki abinci: Darasi ga masu share daji

A gandun namun daji na Ol Pejeta da ke yankin Laikipia a tsakiyar ƙasar Kenya, zakuna sun sauya abinci. A shekarar 2003, jakin dawa ne kashi 67 cikin 100 na namun da suke kashewa, ɓauna kuwa ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Zuwa shekarar 2020, jakin dawa ya sauko zuwa kashi 42, ɓauna kuma ta hau zuwa kashi 42. Duk wanda ya san daji ya san ɓauna ba abin wasa ba ce. Takan kashe zaki, kuma sai zakuna sun yi mata taron dangi kafin su kayar da ita. Banza ba ta kai zomo kasuwa, haka ma ba banza ba zaki zai bar nama mai sauƙi ya koma wa mai ƙaho.

Da masana suka bi diddigin lamarin, sai sawun ya kai su ga wata 'yar tururuwa da tsawonta bai wuce milimita huɗu ba. Binciken, wanda Douglas Kamaru na Jami'ar Wyoming da ke Amurka ya jagoranta, ya fito a mujallar kimiyya ta Science a watan Janairun 2024.

Labarin ya yi daɗin ji, kuma kafafen yaɗa labarai na duniya sun ɗauke shi a matsayin abin al'ajabi. Sai dai darasin da ke cikinsa ya shafi duk wanda ke da hannu a yanke hukunci kan ƙasa, daga kwamishinan da ke sa hannu a takardar rabon daji har zuwa manomin da ke goye da tankin feshi. Duk lokacin da ɗan Adam ya sauya yadda yake amfani da wani yanki, yakan sauya irin tururuwar da ke zaune a wurin. Masu aiki su tafi, masu cin banza su maye gurbinsu, aikin da ake yi kyauta ya tsaya, kuma ba a farga sai asarar ta fito a amfanin gona ko a jikin bishiyoyi.

Alƙawarin bishiya da masu gadinta

Mafi yawan itatuwan da ke baƙar ƙasar Laikipia, fiye da kashi 70 cikin 100, wata bishiyar ƙaya ce 'yar uwar bagaruwa da farar ƙaya. Gindin ƙayarta yakan kumbura ya yi kamar 'yar ƙwallo mai rami a ciki. Tururuwa na huda ƙwallon su zauna, kuma idan iska ta bi ta cikin hudojin sai a ji kamar ana fito, shi ya sa ake kiranta ƙaya mai fito. Ban da ɗakin kwana, bishiyar na fitar musu da wani ruwa mai zaƙi a gindin ganyenta.

Abin da tururuwar ke biya da shi shi ne gadi. Da zarar giwa ta miƙa dogon hancinta za ta karya reshe, sai su fito da yawa su shige cikin hancin suna cizo. Fatar giwa na da kauri, amma cikin hancinta na da laushi, don haka sai ta haƙura ta yi gaba. Todd Palmer na Jami'ar Florida da Jacob Goheen sun nuna a 2010 cewa giwa na cin rassan bishiyar da marmari idan an cire mata tururuwa, tana kuma ƙin su idan tururuwar na nan. Hausawa sun riga sun faɗa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

A farkon shekarun 2000 aka fara ganin wata baƙuwar tururuwa a yankin, wadda ake kira mai babban kai saboda girman kan sojojinta. Tana cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar. Tururuwa ce mai bin mutum. Tana tafiya cikin kaya da ƙasar tukwanen shuka, tana samun gindin zama a kewayen gidaje da juji, daga nan ta bazu cikin daji. A Laikipia an auna tana cin gaba da kimanin mita 50 a shekara.

Duk bishiyar da ta kai gare ta, takan kashe masu gadin ta cinye ƙwayayensu da 'ya'yansu. Ita kuma a ƙasa take gida, ba ruwanta da giwa. A wuraren da ta mamaye, ɓarnar da giwaye ke yi wa bishiyoyin ta ninka sau biyar zuwa bakwai. Daji ya buɗe, zaki ya rasa maɓoya, jakin dawa na hango shi daga nesa. Masu binciken, waɗanda suka ɗaura wa wasu zakanyu na'urar bin sawu a wuya, sun gano cewa kashe jakin dawa ya fi yawa kusan sau uku a wuraren da baƙuwar ba ta kai ba. Har zuwa lokacin binciken, yawan zakunan bai ragu ba, albarkacin ɓauna. Amma raƙumin dawa da baƙar karkanda na cin ganyen wannan bishiya, kuma Ol Pejeta na cikin manyan mafakar baƙar karkanda a Gabashin Afirka.

Babu wanda ya sare bishiya ɗaya a wannan labari. Abin da mutum ya yi kawai shi ne ya kafa gidaje da hanyoyi ya shigo da kaya.

Ko cire dabba ma sauya ƙasa ne

Wani gwaji a wannan yanki na Laikipia ya nuna ɗaya fuskar lamarin. A 1995, masana ƙarƙashin Truman Young suka kewaye wasu filaye a cibiyar bincike ta Mpala da shinge, suka hana manyan dabbobi kamar giwa da raƙumin dawa shiga. Hankali zai ba mutum cewa bishiyoyin da ke cikin shingen za su huta su yi ƙiba.

Bayan shekara 10 sai aka ga akasin haka, kamar yadda Palmer da abokan aikinsa suka wallafa a 2008. Da bishiyoyin suka daina jin haƙorin dabba, sai suka rage ruwan zaƙin da ƙwallayen ƙayar da suke bai wa masu gadi. Tururuwa nau'i huɗu ne ke gasar mallakar waɗannan bishiyoyi. Nau'in da ya fi iya gadi ya raunana, wani nau'in da ba ya dogara da ruwan zaƙin ya ƙaru. Shi wannan a cikin ramukan da tsutsar wani ƙwaro ke hudawa a jikin itace yake zama, don haka yana barin ƙwaron ya yi ɓarnarsa. Bishiyoyin da ya mamaye sun fi jinkirin girma, mutuwarsu kuma ta ninka sau biyu.

Wannan ya isa ya sa masu tsara dokokin kiwo da killace daji su yi taka-tsantsan. Shinge kaɗai, ba tare da gatari ko wuta ba, ya sauya wanda ke mulkin bishiya.

Gonar abu ɗaya

Inda aka share daji gaba ɗaya kuwa, lissafin ya fi muni. A jihar Sabah ta ƙasar Malesiya, a tsibirin Borneo, Tom Fayle da abokan aikinsa sun ƙirga tururuwa a kurmi da kuma gonakin kwakwar manja da aka kafa a inda da kurmi ne. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna nau'i 309 a kurmi, 110 a gonar kwakwa. Kuma cikin waɗanda aka samu a gonar, da yawa ba 'yan asalin kurmin ba ne, baƙi ne da masu jure kowane irin wuri.

Nan ne mutane da dama ke ruɗuwa. Wanda ya shiga irin wannan gona zai ga tururuwa ko'ina, ya ce ai babu abin da ya same su. Yawan kai daban, yawan iri daban. Garin da kowa ɗan kamasho ne, babu maƙeri babu magini babu ungozoma, cike yake da mutane amma aikinsa ba zai tafi ba.

Bahaushe bai rasa sanin wannan bambanci ba, domin harshensa ya raba su. Akwai tururuwa mai jidar hatsi zuwa raminta, akwai cinnaka mai cizo, akwai kiyashi mai bin zaƙi, akwai gwano mai wari da ke fita a jere ya kai wa gara farmaki, akwai kwarkwasa mai tafiya runduna guda. Masana kimiyya na haɗa su duka a dangi ɗaya mai nau'i sama da 14,000 da aka riga aka ba suna. Gara ba ta cikinsu, ita 'yar uwar kyankyaso ce. Wani ƙiyasi da masana daga jami'o'in Hong Kong da Würzburg ta Jamus suka fitar a 2022 ya ce yawansu a duniya ya kai tiriliyan dubu 20, wato kusan miliyan biyu da rabi ga kowane mutum, kuma nauyinsu a haɗe ya zarce na tsuntsayen daji da namun daji masu shayarwa gaba ɗaya. Kowane nau'i da sana'arsa. Wasu na haƙa ƙasa, wasu na farautar ƙwari, wasu na kwashe mushe, wasu na binne irin tsirrai.

Abin da ya shafi rumbu

Mai yiwuwa manomi a Funtuwa ko Maraɗi ya ce ina ruwansa da zakin Kenya. Amsar na cikin rumbunsa.

A wani busasshen yanki na Yammacin Ostareliya, Theo Evans da abokan aikinsa sun yi amfani da maganin ƙwari suka kawar da tururuwa da gara daga wasu filayen alkama, suka bar su a wasu. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna inda aka bar su alkama ta fi yawa da kashi 36 cikin 100. Dalili shi ne ramukan da suke haƙawa na sa ruwan sama ya shige ƙasa maimakon ya gudu ko ya ƙafe, kuma ƙasar ta fi samun sinadarin da tsiro ke buƙata. A ƙasa mai damshi, tana ce ke wannan aiki. A busasshiyar ƙasa irin ta Sahel, inda tana ba ta da yawa, aikin ya fi komawa kan tururuwa da gara.

Masu lambun mangwaro da yazawa kuwa na da nasu misalin a kusa. Akwai wata jar tururuwa da ke ɗinke ganye ta yi sheƙa a saman bishiya, wadda masu tsinkar mangwaro ke tsana saboda cizonta. A 2007, Paul Van Mele da abokan aikinsa sun nuna a Jamhuriyar Benin cewa bishiyoyin mangwaron da take da yawa a kansu sun fi tsira daga ƙudan da ke sa wa 'ya'yan tsutsa. An ga irin wannan amfani a gonakin yazawa a Ghana da Tanzaniya. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, domin tun a ƙarni na 4 aka rubuta cewa a kudancin ƙasar Sin ana sayar da sheƙar 'yar uwarta a kasuwa, masu lambun lemo na saye suna ratayawa a bishiyoyinsu.

Wani abin lura shi ne, babbar abokiyar gabar wannan jar tururuwa ita ce dai mai babban kan da ta addabi Laikipia. Wani bincike a lambunan lemo na Tanzaniya, wanda ya fito a 2011, ya nuna cewa inda aka bar ciyawa a ƙarƙashin bishiyoyi, mai babban kai takan tsaya neman abinci a ƙasa ta bar jar a sama. Inda aka share ƙasar tas, sai ta hau bishiya ta kore ta. Ke nan fartanya da maganin ciyawa ne ke yanke hukuncin wadda za ta yi nasara.

Ba dukansu ne abokai ba

Adalci ne a faɗi cewa masu ƙorafi da tururuwa na da hujja. Tururuwar hatsi na kwashe irin da aka shuka, kuma taskarta na da girman da a shekarun yunwa a yankin Sahel mutane kan tona raminta su ɗebi hatsi. Kwarkwasa kan shiga akurki ta kashe 'yan tsaki. Wasu nau'o'in na kiwon ƙwarin darɓa kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu, suna kare su don su sha zaƙin da suke fitarwa. A gonakin koko na Ghana, irin ƙwarin da tururuwa ke karewa ne ke yaɗa cutar kumburin reshe da ta sa aka sare miliyoyin bishiyoyi.

Haka kuma babu mai hankalin da zai ce ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 kamar Najeriya ta daina faɗaɗa noma ko gina gidaje saboda ƙwari.

Sai dai an auna riba da asarar. Wani nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara bincike 52 kan amfanin gona iri 17, ya gano cewa a jimlace tururuwa na rage ƙwari masu ɓarna, suna rage lalacewar tsiro, suna kuma ƙara yawan amfani, duk da cewa suna ƙara ƙwarin darɓa. Amfanin nasu ya fi fitowa a gonakin da ke da inuwar bishiyoyi. Wato gonar da aka bar mata itatuwa ta fi morar masu gadin, gonar da aka aske ƙwal ta fi zama gidan 'yan mamaya. Feshin kan mai uwa da wabi ya fi cutar da na farko, domin su ne masu saurin mutuwa da jinkirin dawowa, baƙin kuma su ne kan fara komawa filin da ya zama kango.

Abin da ya kamata a yi

Arewacin Najeriya da kudancin Nijar na cikin sauyin ƙasa mai sauri. Ana sare itatuwa don gawayi, ana yanka dazuzzuka da burtali ana mayar da su gonaki, birane na cinye gonakin gefensu, tankin feshi ya zama kayan aikin kowane manomi. A lokaci guda kuma ana kashe maƙudan kuɗi don farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, wanda a Najeriya ya shafi jihohi 11 na bakin hamada. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Abu na farko, a daina auna nasarar irin waɗannan ayyuka da yawan dashen da aka raba kawai. Tun a farkon shekarun 1980, Jonathan Majer ya nuna a Ostareliya cewa ƙirga nau'o'in tururuwa hanya ce ta gane ko filin da aka haƙi ma'adinai ya farfaɗo da gaske, kuma an daɗe ana amfani da dabarar a can. Ba ta da tsada. Kofunan roba ne ake binnewa daidai da fuskar ƙasa, a dawo bayan 'yan kwanaki a ƙirga abin da ya faɗa ciki. Sassan nazarin halittu na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi na da ɗaliban da za su iya wannan aiki, idan aka ware masa ɗan kaso daga kuɗin shirye-shiryen. Muhimmin abu shi ne a ƙirga kafin a fara aiki, domin wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa jiya ba, ba zai san abin da ya ɓace yau ba.

Na biyu, dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta nazari kafin a fara wasu manyan ayyuka a Najeriya. Ya kamata Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta buƙaci rahotannin su ƙunshi halittun cikin ƙasa, ta kuma hana share babban fili baki ɗaya ba tare da an bar jerin itatuwa da ɗan dajin asali a tsakani ba. Daga irin waɗannan ragowar ne 'yan asalin wurin ke sake bazuwa.

Na uku, malaman gona su sauya saƙon da suke kai wa manoma. Ba kowace tururuwa ce ta cancanci feshi ba. Mai lambun mangwaro ya san cewa jar da ke cizonsa ita ce ke kare masa amfani, kuma ƙasa mai sheƙi a ƙarƙashin bishiya ba alamar ƙwazo ba ce. Inda ramin tururuwa ya dami shuka, a magance wannan ramin, ba gonar duka ba.

Na huɗu, masu gandun renon itatuwa da masu safarar dashe su lura da ƙasar da ke cikin ledojinsu. Ita ce motar da baƙin tururuwa suka fi hawa, kuma shirin da ke raba miliyoyin dashe daga wannan jiha zuwa waccan na iya raba su tare da abin da ba a yi niyya ba.

Akwai abin koyi a gida. Tun daga shekarun 1980, manoman yankunan Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturen itatuwa su tofo a gonakinsu, suna sassabe su maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta cewa dabarar ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, ana kuma ci gaba da noma gero da dawa a ƙarƙashin gawo. Sun nuna cewa ana iya cika rumbu ba tare da an aske ƙasa ba.

A Laikipia, shekara kusan 20 aka yi kafin a gane cewa abin da ke faruwa a gindin ƙaya ne ya sauya farautar zaki, kuma a gandu ne da masana ke sa wa ido dare da rana. Dazuzzukan da katafila ke shiga a Arewa ba su da masu sa ido irin waɗannan. Kafin a sa hannu a takardar rabon daji ta gaba, a tura wani da kofunan roba ya ƙirga waɗanda ke aiki a wurin.